Fuskata a Kan Sarki, Ni Kuma Ina Takaba

Anti Lailatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a. Takardu biyu ne a cikin akwatina, kowace tana jiran in sa mata hannu, kuma in na sa wa ɗaya na kashe ɗayar. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya.

Yau kwana saba'in da biyu da rasuwar maigidana, ina cikin takaba. Shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Raliya nake ce masa. Amma yau zan rubuta, ki kuma buga shi yadda yake: Zikrullahi Nma. Mai zane ne. Ya zana awaki da kaji a littattafan 'yan firamare. Ya zana fostar wanke hannu, da allon masu aski na Sabon Gari. Malaman jami'ar da ke Gidan Kwano sukan kawo masa ƙwari a kwalba ya zana musu don littattafansu. In zaɓe ya zo, 'yan takara su yi layi, a rage wa wannan tumbi, a mayar wa wancan gashin da ya zube. Duk a ciki babu inda aka sa sunansa. Na mai littafi ake sawa, da na wanda ya buɗe taro.

Bara wani kwamiti ya nemi a zana sabon kan sarki, wanda ake manna wa wasiƙa, a kan sana'o'in mata. Ni doya nake soyawa a ƙofar gida, sai ya ce ni zai zana ina fere doya. Kwana goma sha ɗaya ina zaune a kujera 'yar tsugunne da wuƙa a hannu. Kullum in rana ta yi sai in soya doyar da ake zanawa, gobe ya yi ta mita wai ta yau ba ta da kamannin ta jiya. Ya ce kan sarki ya fi babban allo wahala, don a faffaɗar takarda ake zanawa sannan a mayar da shi kamar farcen babban yatsa, duk layin da bai zama dole ba datti yake komawa. Sai ya jingine zanen a bangon kicin, ya riƙa ja da baya har bakin zaure, ido ɗaya a rufe. In bai gane ni daga can ba, sai ya goge. Sau biyu yana faɗawa cikin bokitin wanki.

Sau bakwai kwamitin yana dawo da zanen. Da farko sun ce matar ba ta murmushi. Ya sa murmushi, suka ce ya yi yawa, kamar ba ta ɗauki sana'ar da muhimmanci ba. Suka ce doyar ta yi ƙanƙanta, za a raina jihar, ya ƙara mata girma har ta kusa kai ni tsawo. Wani ya ce a sa jirgin ƙasa yana wucewa a bayana, a wurin da ko tsinken ashana ba zai shiga ba. Duk ya yi haƙuri. Abu ɗaya ya ƙi: tabon mai da ke haɓata. Sun ce ya goge, ya ce to su nemi wani mai zanen. Bai taɓa gaya mini ba. Abokinsa Luke, mai shagon buga takardu, shi ya faɗa mini ranar da ya zo ta'aziyya.

Ya rasu bai ji cewa cikin zanukan da aka kai wa kwamitin nasa aka zaɓa ba. Makon jiya aka fitar da hoton, ya zaga wayoyin mutane. Tun daga ranar maƙwabta suka koma gaishe ni da ranki ya daɗe. Wata gwaggon maigidana daga Bida, da ta ji an ce ya zana kan sarki, sai ta fashe da kuka, wai ashe bai ma kai ga wuya ba ajali ya same shi.

Hadassah, sakatariyar kwamitin, ta kawo mini takarda ta farko. Ta ce tunda fuskata ce, ba za a buga ba sai na amince. In Juma'a ta wuce, za su ɗauki wanda ya zo na biyu, zanen keken ɗinki ne babu kowa a kai.

Takarda ta biyu kuwa ta Yaya Ndakotsu ce, wan mijina, wanda tun suna samari yake kiran aikin ƙanensa wasan yara. Ya karɓo samfurin daga wurin Luke, ya aro gilashin mai gyaran agogo, ya duba ya duba, ya tabbatar ni ce. Ya ce abin kunya ne mace tana takaba fuskarta tana yawon duniya. Ya ce kowane ƙato zai ɗauke ni ya lasa da harshe ya manna, sannan wani ya dirka mini hatimi a goshi. Shi ya rubuta takardar a janye, ni ce zan sa hannu. Amma telan unguwa ya gaya wa 'yata Raliya cewa Yaya ya ba da ɗinkin babbar riga ta ranar taron ƙaddamar da kan sarkin, ko da za a yi.

Anti, ba zan ɓoye miki ba, ba maganar Yaya kaɗai ke damuna ba. In na kalli hoton sai in ga ban san haka yake ganina ba. Ban yi kyau ba, zanina ma tsoho ne, amma wanda ya zana matar nan yana sonta. Wani lokaci sai in ji ba na so kowa ya gani, nawa ne. Wani lokaci kuma in ji in na hana, na tura masa ƙasa karo na biyu. Shin laifi ne a takaba? Wace zan sa wa hannu?

Mai Takaba, Dutsen Kura, Minna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Malam Zikrullahi Nma, ya sa ya huta, ya ba ki juriya. Ga sunan nan na buga yadda kika ce.

Bari mu fara da harshen da ke tayar wa Yaya hankali. Bayan kan sarki ake lasa, kuma babu komai a can sai gam. Fuskarki tana ɗaya gefen, lafiya lau. Sannan ki tambaye shi yaushe rabonsa da aika wasiƙa. Ƙattin da yake tsoro suna can suna latsa waya. Hatimi kuwa, shugabannin ƙasashe ma an dirka musu a goshi, ban ji wanda ya kwanta asibiti ba.

Batun takaba, ni ba malama ba ce, kuma a abin da kika faɗa mini, Yaya ma ba malami ba ne. A fahimtata ke aka ce ki zauna a ɗakinki ki bar ado, kuma zanen nan an yi shi mijinki na raye, da hannunsa da yardarsa. Amma kada ki tsaya a kan maganata. Ki sa a kira miki malamin da kika yarda da shi kafin Juma'a, ki yi masa bayani da bakinki, ba ta bakin wani ba, don tambaya takan canza kama a hanya.

Kada kuma ki riƙe Yaya a zuciya. Mutum ne da ya shekara arba'in yana raina aikin ƙanensa, sai da ƙanen ya tafi duniya ta ce aikin ya isa a nuna. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma maza da yawa in kuka ya zo musu sai su mayar da shi doka. Yana kuma ganin kare mutuncinki yake yi, wannan niyyar ki gode masa a kanta. Amma takardarsa ki mayar masa da ladabi. Wanda ya ba da ɗinkin riga ya riga ya sa nasa hannun.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne wanda kika ajiye a ƙarshe. Fuskarki ce, in kika ce a'a babu mai ikon tilasta ki, ni ma ba zan zarge ki ba. Sai dai ki tuna mijinki ba don akwati ya yi aikin ba. Ya jure gyara bakwai, ya yarda ya rasa aikin gaba ɗaya a kan tabo guda, don yana so a gan ki yadda kike. Shawarata ki sa wa ta Hadassah hannu, amma da sharaɗi biyu a rubuce: a bar miki asalin babban zanen, shi ne naki ke kaɗai, sannan a sa cikakken sunansa a takardar taro da duk sanarwar da za a yi. Kada ki yarda da alkawarin baki, kwamiti yana da saurin mantuwa. Ranar taro ki zauna a gida. Raliya ta je, Yaya ya raka ta da rigarsa, ya zauna a gaba ya ji ana kiran ƙanensa.

Ni kuma ina da roƙo. Shekara shida rabon filin nan da wasiƙar takarda, duk ta waya suke zuwa. In kin fita takaba, ki je gidan waya da ƙafarki, ki sayi guda, ki manna a ambulan, ki aiko mini ko da layi biyu ne. Ina so in gan ki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya Raliya, ya sa a fita lafiya.

Anti Lailatu