Mijina da Kogon Dodo Mai Ido Ɗaya

Anti Zubaidatu, don Allah ki taimake ni kafin in watsa littattafan mijina a teku.

Tun da aka yi wa Abu Rayan aikin zuciya, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya fara a bakin ruwa nan Jidda, na yi murna. Sai ɗanmu Rayan ya kawo masa littafin tatsuniyoyin Girkawan da, wai ya rage kaɗaici. Halas, shi ke nan, ba a sake jin wata magana a gidan nan ba sai ta littafin.

Bara ya ce zai kai ni hutu Girka. Ni da na tafi da jakar tsaraba, sai ga ni ina bin sa a gaɓar Bahar Rum, kan duwatsu, da abaya da ciwon gwiwa, muna neman kogon wani dodo mai ido ɗaya. Da muka isa, awaki ne a ciki, ga wari. Shi kuwa har da ƙwalla! Washegari yalla, tashi mu je, sai dutsen da wai matan ruwa ke waƙa su halaka masu jirgi. Ni ko kifi ban gani ba.

Yanzu ya ce zai koma, da ni ko ba ni, kuma a watan da 'yarmu Mastura za ta yi haihuwar fari. Yayyena a unguwar Ruwais sai habaici, wai mutane na Umra, nawa na ziyarar gumaka. Na ɓoye fasfonsa a buhun shinkafa, ya daina yi min magana. Gaskiya, Anti, tsoro nake ji. Idan ya faɗi a bayan wani dutse, wa zai gan shi?

Mai Ciwon Gwiwa, Aziziyya

'Yar'uwa, fara fito da fasfon nan daga shinkafa, ki miƙa masa da hannunki. Ba yaro ba ne, kuma ba a tsare dattijo da buhu.

Mutumin da ya kwanta ƙarƙashin wuƙar likita, ya tashi ya sami abin da ke sa shi ɗaura takalmi da safe, ki gode wa Allah. Kallon kango ba bauta ba ne, ki bar yayyenki su gaji su yi shiru.

Amma shi ma ya yi son kai. Kogon ya daɗe a wurin, zai jira. Haihuwar Mastura ba za ta jira ba.

Kin gaya masa haushinki, ba ki gaya masa tsoronki ba. Ki zaunar da shi, ki faɗa masa yadda kika faɗa min. Sannan ku yi yarjejeniya: sai bayan suna, sai likita ya amince, kuma Rayan da ya kawo littafin shi zai raka shi. Ke ki zauna ki goya jika.

Allah Ya sauki Mastura lafiya, Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya hutar da gwiwarki.

Anti Zubaidatu