Wutar Yini Ɗaya a Orozo

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Zafi yau ba a magana. Na kwanta bayan azahar ina kallon fankar da Ɗangoggo ya ɗaura mana a sili, wadda tun da aka ɗaura ta ba ta taɓa juyawa ba. Ɗangoggo. A nan dai zan iya rubuta sunansa, tunda ba mai gani. A baki kuwa sai dai in ce Maigida.

Ya kusa shekara a Fatakwal. Duk allon nan ne ya ja mana, wanda aka kafa a mashigar unguwarmu ta bayan Orozo, mai hoton ƙwan fitila, wai tallafin Turawa na kawo wa talakawa wuta. Shi ya gani ya bar shagon ogansa a Wuse, muka zo nan muka yi gini, ya sayi injin walda, ya kafa rumfa a ƙofar gida. An kafa turaku, an ja waya, an ajiye taransifoma. Wutar ce dai shiru. To mai walda ba wuta, me zai ci? Da zai tafi cewa ya yi, "Ranar da ƙwan ɗakin nan ya kama ki kira ni, kwana ɗaya zan yi a hanya." Tun ranar na bar makunnin a kunne. Ko goge bango nake ba na yarda hannuna ya je wurin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai waya caji bakin titi, na karɓo da yamma, ya kira. Gaisuwa, lafiyar 'yarmu Mashkura, ya aiki, shi ke nan. Ya sake cewa in tattaro mu zo. Na sake cewa ba inda zan je. Gidan da na ɗebo ruwan gininsa da kaina har wuyana ya sage, shi zan rufe in tafi ɗaki ɗaya a garin da ban san kowa ba?

Mashkura ta fizge wayar ta rungume tana cewa "Baba." Ba wanda ke ciki take nufi ba, wayar take nufi. Da ya tafi ba ta iya magana ba. Na yi dariya don ya ji, bayan ya kashe na shiga madafi.

Asabar, 15 ga Maris

Na goge injin waldar, na mayar da ledarsa. Ƙadangare ya yi gida a ƙarƙashi.

Laraba, 26 ga Maris

Rekiya maƙwabciyata, Igbira ce, bakinta ba ya ajiye magana. Muna tsinke zoɓon da nake kai wa 'yan kasuwa ta ce, "Zaituna, kai kana jiran Nepa, miji yana jiran kai. Wa zai fara gaji?" Na ce ta ci gaba da aikinta. Wai a Fatakwal mata suna da wayo. Na ce nawa ba irin wannan ba ne. Ba irin wannan ba ne ɗin kuwa. Amma maganar ta tsaya mini a rai har magariba.

Kewarsa nake, wallahi. Har ƙaurin ƙarfen da ke bin rigarsa, wanda nake yi masa mita a kai, shi ma kewarsa nake.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau unguwa ta motsa! Jif biyu farare sun shigo da hantsi. Wata mata mai suna Hannah, daga ofishin masu tallafin, ta bi gida-gida tare da mutanen ɗan kwangila. Ta ce jibi Turawan da suka ba da kuɗin aikin za su zo a buɗe wuta. Da ta ga injin walda cikin leda ta ji labarinsa, sai ta dafa ƙirji, ta ce ni suke nema, a ɗakina za a ɗauki hoto. Ta ce in sa atamfata mai kyau. Matar kirki ce, har ta ɗauki Mashkura.

Na kasa cin abinci. Na share gida, na sake sharewa. Ban kira shi ba tukuna, cewa ya yi sai ƙwan ya kama.

Laraba, 9 ga Afrilu

Da ma ban bi ta bayan firamare ba.

Ina dawowa daga kai zoɓo na tarar da babbar mota tana sauke janareta, ƙato kamar shago, a bayan katangar makaranta. Sun lulluɓe shi da tamfol, sun jingina ganyen ayaba. Wani yana jan waya daga jikinsa zuwa turken layinmu. Na tambayi mai gadin makarantar, ya ce ai wutar ba ta iso taransifoma ba, har yanzu ba a haɗa wayar ta ƙetare rafi ba. Layinmu kaɗai za a haska, inda baƙi za su bi. In sun tafi a kwashe.

Ko Hannah ta sani? Ban sani ba. Na tsaya a wurin da bokiti a kai kamar wadda aka dasa, sai da wani ya ce, "Madam, matsa mana."

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi rumfuna, an jera kujerun roba, 'yan Gbagyi sun yi rawa. Wata Baturiya doguwa, fuskarta ta yi jajur don rana, ta yanka jan ƙyalle da almakashi. Ina tsaye a ɗakina da Hannah da mai hoto, sai kawai ƙwan ya kama.

Na san ƙarya ce. Na sani sarai. Amma fankar ta yi ƙara ta fara juyawa, ƙura ta zubo mana a ka, Mashkura ta tsorata ta shige bayana, ni kuwa sai hawaye. Baturiyar ta shigo ta riƙe hannuna, ita ma idonta ya kawo ruwa. Hannah ta fassara mini, wai yaya nake ji. Na ce mijina zai dawo. Aka tafa.

Sun fita, na tsaya ƙarƙashin fankar da waya a hannu. Cewa ya yi ranar da ƙwan ya kama. To, ga shi ya kama. Na fita tsakar gida inda sabis ya fi, na kira.

Na ce, "Maigida, wuta ta zo."

Ya ce, "Ta zo?"

Na ce, "Ga fanka can tana juyawa."

Ya ce, "To, ga ni nan."

Kafin la'asar jif-jif ɗin sun tafi. Ina alwala na ji ƙarar janaretan ta mutu. Fankar ta yi ta rage gudu ina kallo har ta tsaya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Astagafirullah. Me na yi? In ya ajiye aikinsa fa? Na ɗauki waya in kira in faɗa masa gaskiya, na ajiye. Batir ma ya kusa ƙarewa. Ba batir ba ne, Zaituna, daina.

Rekiya ta ce, "Ka yi daidai." Ban san ko yabo ba ne.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ya iso jiya da yamma, a kan acaɓa, da jaka ɗaya. Ya rame, ya yi duhu, ga sabon tabon ƙuna a hannu wanda bai taɓa gaya mini ba. Mashkura ta ƙi zuwa. Ya tsuguna yana kiranta, ita kuwa ta ruga ta ɗauko waya ta nuna masa, "Baba." Ya kawar da kai.

Ya shiga ɗaki, bai ko ɗaga ido ya kalli ƙwan ba. Na kawo ruwa. Na ce, "Maigida, maganar wutar nan..."

Ya ce, "Zaituna, da janareta nake aiki kullum. Tun sallamarki na ji ƙararsa a bayanki. Babba ne ma, mai shan dizal."

Na ce to me ya kawo shi.

Ya ce, "Tunda muke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Da na ji kin yi, na san abin ya kai."

Izinin kwanaki kaɗan ya roƙa, bai ajiye aikin ba. Na gode wa Allah, kuma raina ya ɓaci. Duka biyun.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ya je bakin rafi ya ga inda wayar ta tsaya, ya dawo. Ya gyara mini ƙofar madafi. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Mashkura ta yarda ta hau wuyansa, ta ja masa gemu. Gidan yau ƙaurin ƙarfe yake.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ya tafi. Ya tafi da injin.

Shi ya cire ledar da kansa, ya ninke ta ya miƙo mini. Ya ce can zai yi amfani, nan tsatsa kawai yake. Ban taimaka masa ya ɗora a mota ba. A bakin ƙofa ya ce, "Ni dai na daina jiran turken nan. Ɗakin ƙarami ne, amma akwai wuta. Gida kuma ba guduwa zai yi ba."

Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Litinin, 21 ga Afrilu

An yi ruwan farko jiya, gari ya yi sanyi. Na share rumfa. Inda injin ya zauna ya bar shaida a siminti, tsintsiya ta ƙi ɗauke ta.

Mashkura ta daina kula waya. Duk acaɓan da ya tsaya sai ta ruga ƙofa.

Makunnin a kashe na gan shi yau. Wataƙila wajen goge bango ne. Na bar shi haka.

Na raka Rekiya Utako sayen kayan shago. Da muka zo wucewa ta tasha na ɗan tsaya wajen masu motar Fatakwal, ita kuwa tana ta murmushin nan nata mai ban haushi. Tambaya kawai na yi. Sun ce da sassafe take tashi, kuma suna ɗaukar fanka in an kwance ta an ɗaure da kyau.