Sabara a Bayan Tagar Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan da kika ce tana damun ki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san gidan nan, ɗaki biyu da falo, in na yi tari a kicin Baba yana ji. Bakinsa ciwon ya riƙe, kunnensa garau yake, shi ya sa duk kiran da kika yi nake ce miki komai lafiya.

Ba komai ne lafiya ba, Yaya. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, wata bakwai rabona da aji. Iyakar tafiyata kantin magani, shi ma da gudu-gudu. Shugabar makarantarmu ta yi min kara, ta ce za ta riƙe min ajina har farkon zango mai zuwa, wato nan da wata uku. In ban koma ba, dole ta ba wata. Ke kuma kin ce in Baba ya ɗan murmure za ki zo ki karɓe ni. Maganar nan na riƙe ta hannu bibbiyu.

Damuwata ba ya cin abinci. Cokali uku, ya kau da kai. Yini yake a kujera yana kallon taga, ita kuwa ba abin da take nuna masa sai ɗan filin nan na baya, taku shida a taku huɗu, da katangar maƙwabta da igiyar shanya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gadin gandun daji ke nan. Amma kwanaki wata kurciya ta sauka a katangar, ya bi ta da ido har ta tashi, ranar kuwa sai da ya ci rabin kwano.

Sai na ce bari in yi shuka ko tsuntsaye za su zo. Na je wurin mai fulawa na bakin titi, na kwaso furannin waje masu kyau kamar na jikin kalanda. Sati biyu suka yi suka mutu. Tsakanin wanka da juya Baba da wankin zanin gado, wa ke tuna ban ruwa safe da yamma? Ko da suna raye ma, ko ƙuda bai kula su ba.

Da abin ya ishe ni, na zauna gaban Baba na kama hannunsa mai lafiya, na ce zan riƙa kiran sunayen itatuwa, wanda ya yarda da shi ya matse min hannu. Mangwaro, shiru. Gwanda, shiru, har da harara. Ina cewa sabara ya matse. Tumfafiya ya matse, ɗoɗɗoya ya matse, ciyawar gamba kuwa sai da na ji yatsuna sun yi ƙara. Duk abubuwan da muke takawa muna yara ba mu ko kallon su.

Da na kai wa mai fulawa jerin, dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai abin da yake tugewa kullum da safe shi nake nema. Duk da haka ya haƙo min su daga kangon bayan layinsu, ya ce in ba su ruwa sati shida su kama ƙasa, daga nan in manta da su, 'yan gida ne, sun san rana sun san fari.

Gaskiya ba don Baba kaɗai na yi murna ba. Ina son shukar da za ta rayu ko ba na nan, don na san ki, ko albasa kika dasa sai ta mutu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, musamman babbar da na ji tana shirin jarrabawa. Allah ya ba da sa'a. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Shukar ta kama, duk da na kusa kashe ta da hannuna. Kin san ni da tsabta. Kullum sai na share filin tas, busasshen ganye ɗaya ba na bari. Gamba ta fara fitar da kai, na ga ta yi buzu-buzu, na sa almakashi na daidaita ta. Sati uku babu tsuntsu ko ɗaya, ni kuma ina ta zagin mai fulawa a raina.

Wata safiya na tarar da tsutsotsi masu zane-zane sun huda ganyen tumfafiya. Na ɗauko tsinke da gwangwani ina tsince su, na kuma fito da maganin feshi. Sai ji na yi kofi ya daki ƙarfen taga. Baba ne ya jefo shi da hannun hagu. Na shiga a guje, na same shi yana ta ƙoƙarin magana, kalma ɗaya ta fito da ƙyar: bari. Ita ce kalmarsa ta farko a wata takwas, kuma faɗa ce. Na fita na mayar da tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya ina kuka.

Ashe kwana da kwanaki yana kallon su. Ashe kan gambar da nake yankewa shi ne abincin ƙananan tsuntsaye, ganyen da nake sharewa kuma a ƙarƙashinsa ƙwari suke. Na jingine tsintsiya. Na ajiye tsohon faranti da ruwa a gindin sabara, shi ke nan aikina.

Yanzu ki zo ki gani. Tsutsotsin sun zama malam-buɗe-littafi. Ƙudan zuma na yini a kan ɗoɗɗoya. Wasu 'yan jajayen tsuntsaye suna zuwa su goma sha wani abu, suna lilo a kan gamba, kurciyar nan ma ta kawo mijinta. Matar da ke saman bene ta leƙo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne na bar bayan gida ya zama daji. Baba yana cinye kwanonsa, in dai na juya kujerar tana kallon taga.

Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar kofin. Zuwanki na farko, kwana huɗu kika yi kika tafi, na yi ta jin haushinki. Yanzu na tuna duk gadon da kika gyara sai na sake gyarawa, duk kofin da kika wanke sai na sake ɗaurayewa, har yadda kike ɗaga Baba sai da na yi miki gyara a gabansa. Ni na kore ki. Ki yafe min. Wannan karon in kin zo zan ba ki makulli in rufe bakina.

Ga hoton Baba a bakin taga na saka miki. Saura sati biyar a koma makaranta. Ki gaya min ranar da za ki taso.

Taki har kullum,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu ma muna nan. Baba yana gaishe ki, da hannu.

Saƙonki ya iso, na karanta shi sau uku a tsaye a kicin. Kin ce hoton ya sa ki hawaye, kin nuna wa su Kawu, kowa yana sa min albarka. Kin ce tunda Baba ya samu sauƙi haka a hannuna, kun ga bai kamata a taɓa komai ba, kada a dawo da shi baya. Kin ce dama ni mai juriya ce tun ina ƙarama, ba ni da miji ba ni da 'ya'ya, makaranta kuma ba za ta gudu ba.

Ta gudu, Yaya. Ranar Litinin aka koma. Shugabar ta kira ni da kanta, muryarta a sanyaye, ta ce ta jira iya jira. An ba wata ajina. Kayana da ke cikin durowar tebur an sa su a kwali, suna wurin maigadi, ban ma samu sararin zuwa ɗauka ba.

Da safe ina jin yara suna wucewa ta layinmu da takalmansu. In na ji su sai in buɗe famfo, ƙarar ruwa ta danne tasu.

Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ba zan yi fushi da Baba ba, jiya ma ya ce tsuntsu, ya nuna min da haɓa, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ni na yi shukar nan don ya warke in samu in tafi, sai ga shi warkewar ce ta rufe min ƙofa. Da bai ci abinci ba, da tuni kin zo. Allah ya yafe min, har wannan tunanin na yi, ina riƙe da cokalinsa.

Filin kuwa ba ruwansa da ni. Sati uku rabon da in zuba masa ruwa, sai ƙara cika yake. Na zaɓi abin da zai rayu ba tare da ni ba, ya kuma rayu, ni ce dai ina nan ina kallon sa ta taga ɗaya da Baba, shi a kujera ni a tsaye.

Na gane yadda kuke kallo na. Kun ɗauke ni kamar sabarar nan, 'yar gida, a dasa a manta. To ko ita sai da na yi sati shida ina kai mata ruwa a bokiti kafin ta tsaya da kanta. Ni wata goma ke nan, ban da kwana huɗun nan naki, ba wanda ya zo.

Ban ce ki karɓe ni ba, wannan maganar ta wuce. Ki zo ki yi kwana biyu kawai. Ba sai kin iya komai ba, ki juya kujerar ta kalli taga, ki zuba ruwa a faranti. Ina so in je in ɗauko kwalina da kaina, in tafi a ƙasa a hankali ba tare da ina duba agogo ba.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta