Taku Uku Baya

Litinin, 4 ga Satumba

Tebur goma sha ɗaya na yi wa hidima yau, biyu kaɗai suka biya da takardar kuɗi. Sauran kowa waya. A ɗaga ta, a haska ɗan zanen biyan kuɗin nan da maigidanmu Faraz sahib ya manna a kowane tebur, sai akwatin da ke kan kanta ya yi shela da muryar mace cewa an karɓi rupi kaza. A goge baki a fita. Babu canji, to me zan ɗora a faranti?

Shekara talatin da ɗaya ina kai abinci tebur a gidan cin abinci ɗaya a nan birnin Laknau, tun zamanin mahaifin Faraz, Allah ya jiƙansa. Albashi bai taɓa riƙe gidana ba, har mai biyan albashin ya san haka. Ɗan farantin tagullar nan na canji shi ya aurar da 'yata Tabassum. Marigayi Ustaz Wilayat da ya koya mini aiki, da ranƙwashi ya dasa mini ƙa'idar: ka kawo canji a ƙananan takardu tare da ɗan sonf, ƙwayoyin nan da ake taunawa don ƙamshin baki, ka ajiye, ka ja da baya taku uku, ka juya kamar butar ruwa ce ta dame ka. Kada ka taɓa farantin sai baƙo ya fita ƙofa. Abin da ya bari da kansa tukwicinka ne. Abin da ka tsaya a kansa ya ba ka kuwa sadaka ce, kai kuma ba maroƙi ba ne.

Har yanzu ina kai farantin, da sonf kaɗai. Su tauna su tafi.

Alhamis, 7 ga Satumba

Na kai matata Kishwar wurin likitan ido. Yanar idon dama ta yi tauri, na hagun kuwa dama tun tuni inuwa kawai yake gani. Masu aikin kyauta sun ƙi taɓa ta saboda ciwon suga. Asibitin gwamnati layi sai Afrilu. Likita ya ce kada a wuce Nuwamba, in aka wuce ba ya ɗaukar alkawarin komai. Rupi dubu ashirin da biyu. Abin da muka ɓoye a gwangwanin shinkafa rabi ne, da ƙyar.

A hanyar dawowa ta riƙe gefen rigata tana tsokanata: "Abban Tabassum, bar wahalar da kanka. Allah ne ya hutar da ni ganin wannan hancin naka." Na yi dariya don ta ji. Ita ba ta ga fuskata ba, wannan kaɗai ne amfanin abin.

Lahadi, 17 ga Satumba

Rastogi sahib, lauya. Shekara goma sha tara kowace Lahadi da rana, teburin gindin ginshiƙi, ƙarƙashin fanka. Ba na tambayarsa abin da zai ci: kebab huɗu ba ɗanyar albasa, gurasar paratha biyu da suka ɗan ƙone a gefe, lemon tsami a yanka gida huɗu. Da ya zauna sai ya kira sunana, haɗe da Miyan ɗin girmamawa da ya saba: "Ishtiyak Miyan, yaya gida? Yaya idon uwargida?" Na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ba a ajiye wa baƙo damuwar gida kusa da abincinsa.

Shi ne mutum na ƙarshe da nake da tabbas a kansa. Kullum takardar ɗari a ninke, a ƙarƙashin farantin, ba a kai ba, don kada ma a gani. Yau ya fito da sabuwar waya yana murna kamar an saya wa yaro balan-balan. Ɗansa da ke birnin Bangalor ne ya saka masa abin biyan. "Duba, Miyan, tsoho ma ya waye!" Sau uku yana kuskure, ni da hannuna na gyara masa riƙon wayar. Akwati ya yi shela. Ya tauna sonf, ya dafa kafaɗata, ya fita.

Na ɗaga farantin har sau biyu. Wauta.

Ba rowa ba ce, na san mutumin. Canjin ne yake tuna masa, yanzu babu abin da zai tuna masa.

Talata, 19 ga Satumba

Banwari, abokin aikina na shekara ashirin, ya buga nasa zanen a kati, yana ajiye shi a aljihun gaba. Baƙo na gama biya sai ya ranƙwafa, ya karkata kai, ya fito da katin: "Sahib, in an ji daɗin hidima, ga na masu hidima." Yana tsaye a kan mutum har sai an haska. Kunya ta sa na shige kicin.

Ya biyo ni yana kaɗa katin. "Ranka ya daɗe Nawab sahib, a buga maka ɗaya? Rupi talatin ne." Na ce Ustaz Wilayat da yana raye da ya fasa maka baki. Ya ce, "Ustaz ya mutu kafin a ƙirƙiro waya, bhai, ɗan'uwana. Girman nan naka, da miya ake cinsa ko gaya? Shi za ka ɗiga wa matarka a ido?"

Na so in mare shi. Sai na ɗauki faranti na koma wurin baƙi.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na sami Faraz sahib a kan maganar ƙarin albashi. Ya kira ni chacha, wato baffa, kamar kullum, tun yana yawo ba wando yake kirana haka. "Chacha, zamani ne. Ni ban hana kowa ya ba ku ba. Bari bikin Diwali ya wuce mu gani." Idonsa na kan waya har na fita.

Ba zan buga wa mijin Tabassum ba. In na buɗe baki sau ɗaya, ita za ta yi shekara goma tana sunkuyar da kai a gidan surukai.

Asabar, 7 ga Oktoba

Aski wurin Munne. Ya gama, ya kakkaɓe mini wuya, ya matsa mini kafaɗu kamar yadda ya saba, sannan ya juya baya yana ninke tawul a hankali. Na san wannan juyawar, tawa ce. Yana ba ni wuri in ajiye goman da nake ajiyewa ƙarƙashin mataji tun muna da baƙin gashi.

Kuɗin aski kawai na ajiye. "Sai wani jiƙon, Ishtiyak bhai, a gaida gida," bai ko waiwayo ba. Rupi goma! Na yi tafiya har bakin titi ina jin kamar na saci wani abu.

Laraba, 11 ga Oktoba

Kishwar ta ƙona yatsu uku a kan kaskon gasa gurasar roti. Ta ɓoye hannun a mayafi, maƙwabciya ce ta gaya mini.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na yi.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zan daina maimaita shi a kaina. Rastogi sahib ya zo da baƙo, wani abokinsa tsohon alƙali. Ya gabatar da ni: "Wannan Ishtiyak Miyan ne, ya fi matata sanin cikina." Suka ci, suka yi hira, ya haska waya, akwati ya yi shela. Na ajiye sonf. Na ɗaga ƙafa zan ja da baya, sai yatsun Kishwar suka faɗo mini a rai, ƙafar ta koma inda take.

Ya ɗago. "Akwai wani abu ne, Miyan?"

Da cewa na yi, sahib, matata za ta makance, da magana ce tsakanin mutum da mutum, wataƙila ma ya yi mini faɗan ɓoyewa. Amma bakina bai iya wannan ba. Abin da ya fito kalaman Banwari ne, har da karkata kan. In an ji daɗin hidima.

Kunnuwansa suka yi ja. Ya shiga laluben aljihu, na riga, na wando, babu ko tsaba. Alƙalin ya kawar da kai yana kallon fanka. Ƙarshe wurin baƙon nasa ya karɓi ɗari biyar, ya miƙo mini a hannu. A hannu, gaban mutane. "Ka yi haƙuri, wallahi ban lura ba. Sati nawa ke nan?" Na ce babu komai, sahib. Ya ce, "A'a, da komai." Bai tauna sonf ba.

Banwari ya buga mini baya a kicin: "Ka ga? Ka mutu?" Ban ci abincin rana ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na ba Kishwar takardar ta saka a gwangwani. Ta shafa ta da yatsa ta gane ɗari biyar ce. "Allah ya yi wa Rastogi sahib albarka, mutumin kirki ba ya mantuwa." Na ce amin.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ya zo. Tun kafin ya zauna ya zaro ɗari biyu ya danƙa mini, kamar mai biyan kuɗin shiga. "Kada in manta." Bai tambayi gida ba. Bai ce Miyan ba, bai ce komai ba, jarida ya buɗe. Da na kawo paratha ya ce na gode. Shekara goma sha tara bai taɓa yi mini na gode ba, cewa yake na ƙona ta da yawa ko ban ƙona ba, mu yi ta musu.

Na tsaya nesa ina kallon ƙeyarsa. Na so in je in ce, sahib, karɓi kuɗinka, mu koma yadda muke. Kuɗin na aljihuna, kuma ina buƙatarsu.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na ba Banwari talatin ɗin buga kati. Bai tsokane ni ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na goge teburin gindin ginshiƙi tun sha biyu, na hana wasu 'yan kasuwa zama. Ɗaya ta wuce, ɗaya da rabi. Sai na ji mai kicin yana karanta odar da ta shigo ta waya, ta masu kai abinci gida: kebab huɗu ba ɗanyar albasa, paratha biyu a ƙona gefe, lemon tsami.

Ni na naɗe shi da hannuna. Na yanka lemon gida huɗu, ko da yake odar ba ta ce ba. Mai babur ɗin da ya zo ɗauka, wani dogo mai jaka a baya, ya duba wayarsa ya washe baki: "Kai, wannan dattijon akwai hannu, hamsin ya saka mini tun ban tashi ba." Na ce masa ya bi a hankali kada man ya zube, kuma in ya miƙa kada ya tsaya a ƙofa. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

'Yan kasuwar suka koma teburin.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Abin yana aiki, wannan ne abin baƙin cikin. Cikin goma, bakwai suna bayarwa. Na gano wanda ya zo da mace ba ya iya ƙi, wanda ya zo da surukai ya fi kowa. Na gano inda ake tsayawa, dab da kafaɗar dama, inda mutum ba zai iya tura kujera baya ba sai ya dube ka. Ustaz bai koya mini wannan ba, ni na gano da kaina, kuma na fi Banwari iyawa. Jiya wata mata ta ce wa mijinta a hankali, "Ba shi mana ya tafi." Na ji. Na karɓa. Na ce Allah ya ƙara arziki.

Likita ya ba da ranar ashirin ga wata. Kuɗin za su kai.

Lahadi ta zo ta wuce, odar ta sake shigowa ta waya. Banwari ne ya naɗe.

Talata, 21 ga Nuwamba

An yi aikin jiya, yau da safe aka cire bandejin. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce wa likita, "Ashe rigarka shuɗiya ce." Ta juyo ta dube ni ta ce hancin yana nan yadda ta bar shi. Na yi kuka a gaban ma'aikaciyar jinya, ban damu ba. Alhamdulillahi. Ko me aka ce, ido ya buɗe, kuma ba sata na yi ba. Ba sata na yi ba.

Mun dawo gida kafin azahar. An hana ta kusantar wuta sati biyu, don haka ni na dafa shayi, ba suga, na kawo mata har gado a kan faranti. Ta karɓa ta kurɓa, tana kallon bango, tana kallon taga, tana faɗin duk inda ƙura ta taru tun bara. Can sai ta ajiye kofin. Ta ɗago tana dubana ta cikin baƙin tabaran da suka ba ta.

"Abban Tabassum, lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"To me kake jira? Ka tsaya mini a kafaɗa ka wani karkata kai. Yaushe ka fara tsayuwa haka?"

Na ce bayana ne ke ciwo. Ta ce in zauna mana, nan gidana ne.

Na zauna. Bayan nawa dama yana ɗan ciwo, ba ƙarya na yi mata duka ba. Gobe da wuri zan fita, akwai masu walimar mutum arba'in, kuma dangin ango ne za su biya.