Wayar Burtali

Kaboji, 6 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga yayana Tanimu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina iyali, ina aikin gidan waya? Mu muna nan lafiya, sai laka.

Na ji a kasuwa wai gwamnati za ta ja layin tarho zuwa ƙauye ɗaya a wannan yanki. Yaya, kai da kake wuni kana haɗa maganar manya, ka haɗa tamu mana. Shekara da shekaru ina ungozoma a nan, in haihuwa ta gardama ba ni da abin kiran motar asibiti sai yaro a kan keke. Yanzu ga Kulu, 'yar Arɗo Haliru na rugar bayan rafi. Cikin fari ne, kuma na taɓa na ji ɗan a gicciye yake. Watanta na tsayawa bayan Kirsimeti. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaida Sakinatu da yara.

Ƙanwarki, au, ƙanwarka,
Tabita

Kontagora, 20 ga Oktoba, 1975

Ƙanwata Tabita,

Bayan gaisuwa, na sami takardarki. Labarin gaskiya ne, kuma sunan Kaboji ne a gaba, na Sahon Rami yana biye.

Sai dai akwai ƙa'ida. Ba a kafa turken waya a ƙasar kowa sai da yardarsa. Hanyar da ta fi kusa da ku ta bi burtalin shanu ne, saboda haka ana buƙatar hannun dagaci da na Arɗo. In ɗaya ya ƙi, aikin ya wuce gari na gaba, ba a jira. Mai awo zai zo muku a watan gobe. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta cefane ce, amma ya san aikinsa.

Ni dai mai haɗa layi ne, ba ni nake raba shi ba. Ki riƙe wannan.

Yayanki,
Tanimu

Kaboji, 18 ga Nuwamba, 1975

Yaya,

Ina gaisuwa. Mai awonku ya zo, ya tafi, ya bar mana abin dariya da ba ya dariyuwa.

An yi taron a ƙofar gidan dagaci, ka kuwa san mata ba sa zama a wurin. Kawu Sati ne ya ba ni labari. Wai baƙon ya miƙe ya ce, "Gwamnati za ta ja muku waya. Za ta bi burtali daga farko har ƙarshe. Wa ya yarda?"

Manoma suka hau tafi. Su a nasu ji, wayar ƙaya ce za a kewaye musu gonaki kada shanu su shiga. Arɗo ma haka ya ji, don ya taɓa ganin irinta ta yage masa cikin saniya a wata gonar gwamnati. Ya ce, "Malam, burtalin nan tun kakana ake bin sa. In ka ja waya, shanuna su tashi sama?" Baƙon ya ce ai waya ce mai kyau, mai ƙarfi, ba ta tsinkewa. Arɗo ya naɗe hannunsa cikin riga, ya ɗauki sandarsa.

Ka ga Bakambare irinmu da Bafulatani da mutumin kudu sun taru suna Hausa, kowa da tasa wayar. Waɗanda suka yarda ba su san abin da suka yarda da shi ba, wanda ya ƙi ma haka.

Na bi Arɗo ruga washegari, na tarar ya kora shanu kudu, sai mata. Ka roƙa mana a dakata har ya dawo.

Tabita

Kontagora, 2 ga Disamba, 1975

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na yi magana da babbanmu. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce rahoton mai awo ya riga ya tafi Sakkwato, kuma abin da ke ciki shi ne "an ƙi". An fara sauke turaku a Sahon Rami.

Na so in taimaka. Ki sa ido a kan yarinyar, in da hali ki turo ta asibiti tun da wuri.

Tanimu

Kaboji, 25 ga Janairu, 1976

Yaya,

Gaisuwa. Na ce a kai Kulu asibiti tun da wuri, uwarta ta ce ba a fita da ita sai uban ya dawo. Ya dawo ranar da naƙuda ta fara.

Da hantsi na tura mai keke. Da azahar ba mota, muka ɗora ta a gado, maza huɗu suka ɗauka har bakin titi. Can muka zauna a gindin kuka sai la'asar, wata motar doya ta tsaya. Likita ya ceci Kulu. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba.

A barandar asibiti Arɗo ya ga wata nas tana magana a tarho. Ya tambaye ni da wa take yi, na ce da direban motar asibiti. Ya bi igiyar da ido har waje, har kan turke. Wasu shanu na kiwo a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ungozoma, wannan ce wayar?" Na ce ita ce.

Ban ji haushinsa ba, Yaya. Tausayinsa nake ji, da nawa.

Tabita

Kontagora, 9 ga Maris, 1976

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Arɗo ya zo wurina jiya. Ya tsaya a gaban kantar gidan waya, ya miƙo babban yatsansa, ya ce a nuna masa inda zai dangwala.

Na gaya masa an gama. An ba mu sabuwar jiha, takardu duk za su koma Minna, sai an sake nema daga farko. Bai janye hannun ba. Na ɗauko farar takarda, ya dangwala, ya yi godiya ya tafi. Ga ta nan na haɗo miki.

Ki rubuta roƙon a samanta. Wannan karon ki ce tarho.

Yayanki,
Tanimu