A Ƙofar Coci Za a Duba Hannunsa

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Ni ce Afifa Tadros ta unguwar Shubra, matar marigayi Sobhi maƙerin zinariya. Ƙafafu sun ƙi ni, zuciyar ma likita ya ce sai lallaɓawa, amma kaina garau yake, kada wani ya ce gigin tsufa ne ya yi wannan rubutu. Zuwa gare ku 'ya'yana, Wagdi da Irini da autana Nashat.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, ba na sayarwa ba ne. Awarwarona da hoton Budurwa Maryamu na ɗakina na Irini ne. Littafin addu'ar babanku na Wagdi ne, tunda shi ke hidima a coci.

Na biyu. Shagon babanku ba za a raba shi ba. Wagdi, tsohuwar da ke kwance ba kurma ba ce, na ji abin da kake shiryawa. Kana so ka sallami ƙanenka don mata sun fara cewa ba za su rataya wa jariransu gicciyen da ya fito daga hannun mai cewa babu Allah ba. To wa zai ƙera? Kai da ko zobe ba ka iya matsewa? Kai ka iya ciniki, shi ya iya wuta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ba ta so, titin cike yake da shaguna. Ka kuma daina tura shi ɗakin baya duk lokacin da Abuna limaminmu ya shigo, kamar wani abin kunya.

Na uku. Maganar Nashat ce ke hana ni barci, ba ciwo ba. Ranar bikin Tashin Almasihu ya miƙa hannu zai ɗauki gurasa, na ga ɗan shuɗin gicciyen da ake yi mana da allura a wuyan hannu babu shi, likita ya goge, saura farin tabo. A cinyata aka yi masa gicciyen tun yana ƙarami, yana tsala ihu. Na ce me ke nan, ya ce, “Mama, ba zan yi ta yawo da shaidar abin da ban yarda da shi ba.” Na yi kuka, na yi azumi, na haɗa shi da Abuna, bai dawo ba. Ina tsoron makomarsa, tsoro mai yawa, da shi zan shiga kabari.

Amma duk Lahadi shi ke goyo na ya sauko da ni daga bene, ya kai ni ƙofar coci, ya koma mota yana busa tabarsa har a tashi. A babban azumin da muke barin nama, shi da ba ya yi, bai taɓa shigo mini da nama gida ba, waken da nake ci shi yake ci. Hukuncinsa na Mahaliccinsa ne. Irini, ki bar tura masa wa'azi a waya kowace safiya, ki bar hana yaranki zuwa wurinsa, rashin bangaskiya ba ƙyanda ba ce. Da babbar 'yarki ta ce ita ba ta sani ba ko akwai Allah ko babu, ba kawunta ya koya mata ba. Ki ja ta a jiki, tsawa ba ta mayar da kowa coci.

Na huɗu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Kun san tun da aka fara kai wa coci-coci hari, samarin da ke tsaron ƙofa ba sa barin kowa ya shiga sai ya nuna wuyan hannu. Ranar jana'izata za su ce Nashat ya nuna. Katinsa na gwamnati har yau Kirista ya ce, amma taurin kan ubansa gare shi, ba zai zaro shi ya shiga da ƙarya ba. Juyawa zai yi ya koma mota. Kai kuma Wagdi na san ka, za ka hango daga ciki da farar rigarka ta hidima, ka kau da kai, ka ce ai shi ya zaɓa. Duk lokacin da na rufe ido abin da nake gani ke nan.

Saboda haka ka fito da rigar taka a jikinka, ka kama hannun nan mai tabo, ka ce ɗan mamaciyar ne, ka shigo da shi. Kada a ce ya yi addu'a, kada a ce ya buɗe baki. Nashat, kai ma ban da gardama. Ban ce ka zo don Allah ba, ka zo don uwarka.

Ubangiji ya sa muku albarka ku uku, wanda ya roƙa da wanda bai roƙa ba, ya tsare jikokina, ya bar ku a tukunya ɗaya. In kuwa aka tashi daga addu'a yana waje, ko an hana shi ko shi ya ƙi, ku fito da akwatin gawata ku ajiye a ƙasa a bakin titi. Kada kowa ya ɗaga shi sai Nashat ya sa kafaɗarsa kusa da ta yayansa Wagdi. Ku daidaita tun yanzu, 'ya'yana, kada ku bar ni kwance a rana mutane suna kallo.