Ranar Rijiyar Inna

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe min da Goggo, yaya ƙafar tata?

Ka san ni. Da takardar sakandare kawai na bar gida, babu wanda ya riƙe min hannu. Na koyi walda a bakin titi, na buɗe shagona, yau wasu ke cin abinci a ƙarƙashina. Lafiyata lau, idon hagu ne ya ɗan dushe saboda hasken wuta. Kada Goggo ta ji.

Jiya biyu ga Yuni na rufe shago kamar kowace shekara. Ranar rasuwar Inna ce, shi ya sa na zaɓe ta aka buɗe rijiyar burtsatsen da na haƙa mata a unguwa. Matarka ta turo min bidiyon taron bana. Na ga an share wurin, mata sun jera bokitai, an yi addu'a. Sai aka yaye ƙyalle daga sabon allo, ga sunanka shi kaɗai. Kana ta murmushi, Yaya. Ko tari ba ka yi ba.

Ladan na Inna ne, na yarda. Amma kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi?

Allah ya raya yara. Ban ce a goge naka ba, kai ka tsaya kan masu haƙa. Amma ka kira mai fenti ya rubuta sunana cikakke, a sama. Ni ma ɗanta ne.

Ƙanenka.